Birkin Keken Abdussamad

Abdussamad haifaffen Madina ne, a unguwar Uhudu aka yanke masa cibi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya sauke farali, ya zo ziyara, bai sake komawa ba. Jikan ya tashi da katin ɗan ƙasa a aljihu, Larabci a waje, Hausa a gaban tsofaffi. Hausar ce ma ta ba shi aiki. Yana teburin karɓar baƙi na wani otal kusa da Harami, duk alhajin Kano ko na Damagaram da ya rasa makullin ɗaki wurinsa ake turo shi. Mutum ne mai fara'a, sai dai yana son yabo fiye da kima.

Ya haura arba'in da tumbi da ciwon sukari lokacin da likita ya ce masa ko ya motsa jiki ko ya dawwama a kan allura. Ya fara da tafiya a gindin dutse bayan asuba. Tafiya ta zama gudu. Daga baya ya sayi keken tsere, ya shiga ƙungiyar wasu samari masu fita ƙarshen mako, ƙarƙashin wani Fahad, ɗan masu gonakin dabino. Shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu, kuma ya girme su duka. A fuska suna ce masa Ammu, wato baffa. In ya rage a baya kuwa, sai wani ya ɗaga murya, "Ku jira Takruni!" wato baƙin mutum ɗan Afirka. Yakan yi dariya tare da su, ya koma gida ya kasa haɗiye abinci.

Da aka ce za a yi gasa a bakin teku wajen Yanbu, irin wadda ake haɗa abu uku a jere, a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a ƙare da gudu, shi ya riga kowa ba da sunansa. Da girmansa ya koyi iyo, yana shan ruwa yana tari yara na kallo.

Mai gyara masa keke Jumare ne, mutumin Maraɗi, ma'aikaci a shagon wani Hamid a nan Uhudu. Hamid ɗin ne kafilinsa, zamansa a ƙasar a hannunsa yake. Jumare mai surutu ne, kullum wayarsa na kan kokawar gida, hannu cikin baƙin mai. A shagon nan ne kawai Abdussamad ke zama kan gwangwanin fenti, ya sha shayi, ya saki Hausar da ba ya yarda ta fito a gaban su Fahad.

Wata Asabar da safe, a gangaren da ke bayan dutse, Abdussamad ya wuce Fahad. Bai taɓa wuce shi ba. Sai ya waiwaya don ya ga fuskarsa, ya kuma daɗe yana kallo. Tayar gaba ta daki dakalin gefen titi.

Kafaɗa ta karye, ƙugu ya tsage, fatar kunci ta saɓule. Da ya farfaɗo bayan an sa masa ƙarfe, matarsa Ruƙayya ce a kansa. Ya ce da ita a hankali, "Waiwaye na yi, Ruƙayya. Fuskarsa kawai nake so in gani."

Kafin a sallame shi, bidiyon faɗuwar ya zaga wayoyin 'yan ƙungiya. Wani da ke baya ne ya ɗauka, aka yanke daidai inda ya tashi sama yana ihu da Hausa, "Wayyo Inna!" Aka sa kiɗa. Tun daga ranar sunansa ya koma Wayyo.

Fahad ya zo dubiya da kwalin dabino. Ya zauna yana murmushi, ya ce, "Ya Ammu, me ya faru ne?" Shi ne aka waiwaya aka kalla, ya fi kowa sanin abin da ya faru.

Abdussamad ya ce, "Birki ne. Na matsa bai kama ba."

Fahad ya ɗaga gira. "Birki? To, halas, magana ta ƙare. Wa ya gyara?"

Abin ya zame wa Fahad wasa. Ya baza sunan shagon, ya ce kada ɗan ƙungiya ya sake taka ƙofarsa. Wasu ƙungiyoyin suka ɗauka. Hamid ya ga kasuwarsa na zubewa, ya ce shi bai taɓa keken ba, yaronsa ne, kuma zai soke iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ya mayar da shi ƙasarsu.

A gida kwanciya ta yi tsawo. Abdussamad ba ya iya sa riga, ba ya iya zuwa bayi sai da mai riƙe shi. Ruƙayya ke yi masa wanka, ta shafa magani, ta juya shi, shi kuwa sai ƙorafi: ruwa ya yi zafi, ruwa ya yi sanyi, miya ta yi gishiri. Ya taɓa jifanta da kofi don ta ce ya rage kallon bidiyon. Tumbin da ya sha wuya ya kore ya fara dawowa. Ranar gasar ya wuni yana duba hotunan su Fahad da lambobi a wuya.

Bayan la'asar wata rana, Fahad da wani abokinsa na zaune a falo, sai ga Jumare. Ya wanke hannu fes, ya sa riga mai tsabta, ya riƙo ledar lemo. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Elhaji, sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi." Sannan ya ce, "Elhaji, birkin nan tare muka gwada shi. Kalma guda za ka faɗa wa Hamid. Ina da iyali, kai ma ka sani."

Fahad ya dubi Abdussamad, ya ce, "Me yake cewa, ya Wayyo? Fassara mana."

Abdussamad ya gyara zaman hannunsa a cikin majanyi. Ya dubi mutumin da ya sha shayinsa ba adadi, ya ce da shi da Larabci, "Ban gane ba. Yi magana da Larabci."

Larabcin Jumare na shago ne, na taya da ceni da farashi. Ya fara haɗa kalmomi yana tuntuɓe, yana nuna birki da yatsu. Abokin Fahad ya kwaikwayi muryarsa, suka fashe da dariya. Jumare ya tsaya. Ya ajiye ledar a kan kafet, ya miƙe, ya ce da Hausa, "To, Elhaji. Allah ya ba ka lafiya." Ya fita.

Ruƙayya na bayan ƙofa, ta ji komai. Da baƙi suka tafi ta shigo, ta kira mijinta da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba.

"Abu Suhaila, ka ji tsoron Allah. Da bakinka ka faɗa mini a asibiti."

"Allurar barci ce ta yi magana."

"Mutumin nan za a kora."

"Ni ne a kwance ko shi? Shi da ƙafafunsa zai hau jirgi."

Washegari ta kira Hamid a ɓoye, ta faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Ya ukhti, 'yar'uwa, mijinki ya ce birki, ke kin ce waiwaye. Kina kan keken ne? Takardu sun riga sun wuce." Kafin azumi Jumare ya bar Madina.

Shi kuwa Abdussamad ya warke, kuma ba wanda zai ce bai sha wuya ba. Likitan gashin ƙashi ya riƙa lanƙwasa masa kafaɗa har hawaye na zuba. Ya yi watanni yana tafiya cikin ruwa zuwa ƙirji kamar tsoho. Ya kafa keke a falo, ya yi ta taka feda a wuri ɗaya yana fuskantar bango, gumi na ɗiga a tayil. Ranar da ya fara komawa titi, bai yi nisa ba ya sauka ya yi amai a gefen hanya, ya sake hawa. A otal alhazai na tambayar tabon fuskarsa, yana ba su labarin sakacin wani mai gyara. Ya faɗa ya faɗa har ya fara jin haushin Jumare da gaske.

Da shekara ta zagayo ya shiga gasar. Ya fito daga teku kusan na ƙarshe, a kan keke ya wuce wasu, gudun kuma da ɗingishi ya ƙarasa shi, ana naɗe tutoci. Aka rataya masa lamba. Fahad ya rungume shi, ya juya ga mai ɗaukar hoto yana ihu, "Wayyo ya iso!"

Ruƙayya ba ta fito daga mota ba. Ya zo ya buɗe ƙofa yana haki, ya ɗaga mata lambar.

"Kin gani?"

"Na gani."

A hanyar komawa Madina ya tsaya a wani gidan kifi, ya sa aka gasa babba, aka kawo da jar shinkafa. Ta ce ba ta jin yunwa. Ya naɗe hannun riga ya cinye shi kaɗai, ya sha ruwa, suka kama hanya.