Zugun Iya Tabawa

Ni Delu ban iya dogon zance ba, kun sani. Amma Tanko, tun da ka sauke wa jakunanka kaya ka ji labarin uwarka, ka juya wa mutane baya, tuwo ya huce a gabanka. Juyo nan. Kande, ke ma share hancinki ki matso.

Duk wanda ya san Tabawa da mazari ya san ta. Tana gaisuwa tana kaɗi, tana faɗa tana kaɗi. Ko gidan suna ta je, alli na yatsunta, auduga na hannun hagu. Ranar da na fara ganinta, mahara sun ƙone mana ƙauye a wajen Ajingi. Na iso ƙofar gidanku da goyo a baya, ƙafa duk ƙaya. Na ce a taimaka da ruwa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Hannuwanki biyu lafiya?"

Na ce lafiya.

"To riƙe mini audugar nan, in ɗebo miki."

Ban sake barin gidan ba. Tun ran nan nake ce mata Yaya.

Zaren nan ba na sayarwa ba ne, ba na zanen ado ba. Na likkafaninta ne. Ta ce ba za ta kwanta cikin kaɗin wata ƙazama ba. Da ya taru ta kai wa Gambo masaƙi, ya saƙa mata zugu fari sol. Sai ta ce sai ta gwada. Ta shimfiɗa shi tsakar ɗaki, ta kwanta, ta naɗe kanta har fuska. Kande, ke kika shigo da ƙwaryar fura. Ihunki sai da ya tashi kajin maƙwabta, fura kuwa ta bi ƙasa.

Gawa ta tashi zaune, ta ce, "Kin zubar mini da fura. Duba ƙafata, a waje take ko a ciki?"

Kika leƙa, kika ce a waje.

Ta naɗe zugun a hammata, ba ta tsaya ba sai rumfar Gambo. Ina biye da ita.

"Gambo, ni ka auna ko akuya?"

"Iya, ai in mutum ya tsufa yakan ɗan taƙure."

"In taƙure don ka huta? Da ƙafa a waje zan je lahira, kamar wadda ta ari zane? Ƙara kamu."

Ya ƙara. Ta adana shi a tukunya, ta liƙe baki da laka saboda gara.

Ba a yi nisa ba wani baƙon makiyayi ya faɗi matacce a bakin rijiya, ba dangi, ba kowa. Liman na ta jan gemu, ana neman abin da za a suturta shi da shi. Tabawa ta shiga ɗaki, muka ji ta fasa bakin tukunya. Ta fito tana masifa.

"Wa ya aike shi ya riga ni? Garuruwa nawa ya wuce bai mutu ba sai nan? Ungo. Ku ja masa har ƙafa."

Da yamma ta koma kan mazari, tana zagin mamacin ƙasa-ƙasa, tana yi masa addu'a.

Haka abin ya zama. Ta gama, wani ya riga ta. Ta sake, wani ya riga ta. Har ta fara zagayen marasa lafiya da kanta. Da Bawa maƙeri ya kwanta, an fara kiran dangi daga garin Balan, ta je ta tsaya a kansa tana kaɗi.

"Bawa, kana ji na? Kada ka kuskura ka mutu kafin kaka. Ban gama ba."

Bawa ya ce, "To, Iya," da ƙyar. Kuma ya tashi. Bayan kaka ta gamu da shi a hanyar kasuwar Gaya, ya yi ƙiba, yana ɗauke da garemanin noma.

"Na gama fa, in kana da niyya."

Tun daga nan in ya hango ta sai ya sauya hanya.

Shekarar da ƙyanda ta shigo, babu wanda ya yi dariya. Zugu ɗaya ta yayyanka wa yara. Audu nawa, wanda na shigo da shi a baya, cikin yanki ɗaya ya tafi. Ba ta yi mini ta'aziyya ba. Ta miƙo mini auduga ta ce, "Gurje wannan." Na gurje. Da ba don haka ba, da na bi shi.

To, Tanko, ga abin da ke cin ka. An ce maka uwarka ta mutu tukunyarta wayam, an binne ta da haɗe-haɗen ƙyallen mutane, kai kuma kana can kana ɗauko kanwa. Gaskiya ne. Zaren ko rabin mazari bai kai ba. Na ƙarshe da ta gama, matar wanzami ce ta tafi da shi.

Amma ba roƙo muka fita ba. Ban ko gama ɗora ruwan wanka ba, sai ga wanzami da farin ƙyalle a hannu. Sai iyayen yaran shekarar ƙyanda. Wata Bafillata da ba mu taɓa gani ba ta zo, ta ce wanda ya faɗi a bakin rijiya ƙanen ubanta ne. Gambo, da idonsa da ya mutu, jikarsa ta ja shi ya zo da saƙar da ya ɓoye wa kansa. Bawa ya ajiye nasa daga nesa, bai yarda ya matso ba. Sai da Liman ya ce ya isa haka, mace ɗaya za a binne.

Ni na wanke ta, ni na naɗe ta. Na duba ƙafar, Tanko. Tana ciki, har da saura.

Mazarin yana wurina, na ɗora daga inda ta tsaya. Hannuna ba irin nata ba ne, zan daɗe. Saboda haka ja akushin nan ka ci. Kada ka kuskura ka mutu da yunwa kafin kaka, ban gama ba.

Yauwa. Kande, ƙara masa miya.

Allah, ga Tabawa nan ta zo. Ta rufa wa bayinka asiri, kai ma ka rufa mata. Ka yalwata mata makwanci ta miƙe ƙafa, ka ba 'ya'yanta haƙuri. Amin.