Haji Dimyati, Mutumin da Ya Riƙe Mini Muryar Ɗana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban na shekara ta 1346, jim kaɗan bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Haji Dimyati, mai marinar batik (zanen da ake yi wa ado da kaki kafin a rina) ta bakin gada a nan Pekalongan, bayan gajeriyar jinyar ciwon ƙirji. Dattawan masallaci suka ce ni Kasmuri zan rubuta ta'aziyyarsa, wai na fi kowa kusa da shi. Gaskiya ne, kogi ne kawai ya raba gidana da nasa.

Haji, ba zan fara yi maka ƙarya yau da kake kwance ba. Ka sani, unguwa ma ta sani, ni mai kishinka ne. Tun muna samari muna ɗiga kaki a kan zane, naka ake fara saye. Ka riga ni aure, ka riga ni zuwa Makka. Duk waɗannan na haɗiye su. Wanda ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne tarho.

Shekarar da gwamnati ta karɓe harkar waya daga hannun 'yan kasuwa, ma'aikata suka fito da sarƙar awo. Doka ta ce wanda gidansa ke cikin da'irar ofishi, kuɗin shekara kawai zai biya. Wanda ya fita daga ciki kuwa, kowace falwaya da za a kafa har ƙofarsa, daga aljihunsa za ta fito. Awon ya ƙare a gindin mangwaronka. Ni ina tsallaken kogi. Da aka faɗa mini abin da zan biya, ko marinata na sayar da tukwanenta ba zai isa ba. Aka maƙala maka akwatin a bangon zaure, ni kuma na koma gida ina jin ƙararrawarsa daga ƙetare.

Sai doka ta biyu, wadda ta fi ta farko zafi. Ba mai taɓa wayar sai mai ita da wanda ke kwana a gidansa yana ci daga tukunyarsa. In baƙo ya yi magana, tara ce, in an sake a cire waya. 'Yan matan da ke haɗa layi a ofis kuwa sun san muryar kowa.

A nan ne halinka ya fito, kuma dole in faɗa. Ba ka rufe zaurenka ba. Ka mai da kanka bakin unguwa. Kai ka kira likita lokacin da naƙuda ta tsananta wa matar mai keken doki. Kai kake tambayo wa masu rini farashin farin yadi a Semarang, har da masu gasa da kai. Tsohuwa Sarinem mai sayar da shinkafa a ganyen ayaba takan zo ta tsaya, ta faɗi saƙonta ga 'yarta, kai kuma ka maimaita shi cikin waya kalma da kalma, har da faɗan. Ba ka taɓa karɓar ko sen ɗaya a hannun kowa ba. Ina kallo ana yi maka addu'a, ina cewa a raina, ai da ni awo ya faɗa wa, da na fi haka.

Sannan ɗana ɗaya tilo, Sarbini, ya sami aiki a tashar jiragen ruwa ta Surabaya. Kowace Juma'a bayan an sauko, yakan shiga gidan waya ya biya kuɗin minti uku. Kai kake ɗauka. Ni ubansa ina tsaye a gefenka riƙe da hula, ba abin da nake ji sai ɗan ƙara kamar kukan sauro. Sai ka tuntsire da dariya, ni ban san abin dariyar ba.

"Haji, lokaci fa yana tafiya! Me ya ce?"

"Ya ce yana gaida tsohon nan mai ɓata rai."

Kafin ka gama tsokanata, an yanke layi. Kai ya fara gaya wa an ƙara masa matsayi. Kai ya fara gaya wa ya ga yarinyar da yake so. Wasiƙa takan zo mini daga baya, amma takarda ba ta da murya, kuma labarin ya riga ya huce.

Ka nema mini mafita, ba zan ɓoye ba. Ka ce, "Kasmuri, ga ɗaki nan a zaure. Ka dawo nan da kwana, mu ci tare, ka zama ɗan gida, doka ta ƙyale ka." Na ce ni da gidana da marinata, in zama ɗan cin arziki a gidan Dimyati? Allah Ya kiyaye. Har yau ina ganin na yi daidai. Kai dai ka girgiza kai, ka ce, "Wannan taurin kan naka, ko kaki bai kai shi daskarewa ba."

Wata Juma'a, ba zato, sai ka manna mini wayar a kunne. Na buɗe baki na ce, "Sarbini." Iyakar abin da na samu ke nan. Yarinyar ofis ta ce wannan ba muryar Haji ba ce, ta yanke. Aka ci ka tara, aka yi maka gargaɗin ƙarshe. Ka biya, ba ka taɓa tayar mini da maganar ba. Wallahi shirun nan ya fi mini ciwo, don ko alheri ma kai kake da halin yi.

Jiya Juma'a muna zaman makoki a zaurenka sai ƙararrawa ta buga. Matarka Ruminah ta leƙo daga ciki, idanunta jawur, ta ce, "Ɗauka mana, Baban Sarbini. Wa kuma za su ci tara? Waya ba a gadonta, sun ce mako mai zuwa za su zo su cire."

Na ɗauka, na yi sallama. Yarinyar ofis ta ji muryata. Na san ta gane. Sai ta ce, "Allah Ya jiƙan Haji," ta haɗa.

"Baffa!" Muryar Sarbini ta yi kauri, ta zama ta magidanci. "Baffa, albishirinka! Namiji ne, jiya aka raɗa suna. Sunanka na sa masa, Dimyati. Ka gaya wa Baba."

Na ce, "Sarbini."

Ya ce, "Wa ke magana?"

Haji, ɗana bai gane muryata ba. Na faɗa masa ni ne, na faɗa masa abin da ya faru. Sai ya fashe da kuka. Ina da maganganu na shekaru da na tara, ban faɗi ko ɗaya ba. Na danna wayar a kunnena ina sauraronsa yana yi maka kuka, har minti ukun suka cika. Yarinyar ma ba ta yanke da wuri ba. Ban taɓa jin muryarsa mai tsawo haka ba tun da ya tafi, kuma duk taka ce. Na tambayi kaina ko ranar tawa zai yi irin wannan kukan.

Ya Allah, Ka jiƙan Haji Dimyati, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Kowane saƙo da ya isar wa wanda doka ta hana magana, Ka sa ya tarar da shi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ruminah da 'ya'yansa mata da ma'aikatan marinarsa da duk jama'ar bakin gada. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Haji, ka riga ni a komai, ga shi ka riga ni tafiya. Allah Ya sa Aljanna ce ka riga ni shiga, wannan kam ba zan yi maka ƙyashinta ba. Bayan sallah zan hau jirgin ƙasa zuwa Surabaya, tun da ba sauran mai riƙe mini waya. Zan ɗauki jikana a hannu, kuma dole in kira shi da sunanka.