Shekarar da Muka Daina Surfe

Mahaifiyata ce ta ba ni jar akuyar nan, ranar da na gama wankan jegon haihuwata ta fari za a mayar da ni ɗakina. Ta ce bai kamata mace ta zauna babu abin kanta ba. Haka muka isa ƙauyen mijina, can bayan Gezawa, ni da jaririya a baya, akuya kuma da ƙaramin ciki.

A ƙauyen nan babu daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, ɗan layin gamba ne kawai a tsakani, shi ma da mai shi. Da rani awaki suna shan yawonsu, su tsinci karmami da 'ya'yan gawo. Amma ranar da aka yi ruwan shuka mai shela zai zaga gari, kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga nan sai turke, har a kawar da amfanin gona. Akuyar da aka kama a cikin shukar wani, magana ce ta ƙofar dagaci, kuma gaba ce da za a daɗe ana yi.

A shekara mai kyau ɗaurin ba ya damun kowa. Maza kan dawo daga gona da ciyawar da suka nome, mu kuma mata kullum muna surfe. Dusa ta awaki ce, haka ƙasari, wato ruwan da aka wanke surfaffen hatsi da shi. A barbaɗa musu 'yar kanwa, su sha har su ture kwano.

A shekarar da nake faɗa, ruwa ya zo aka yi shuka aka ɗaure dabbobi, sai ya ɗauke. Gero ya fito ya kai tsawon yatsa ya ƙone. Aka sake shuka bayan wani ɗan yayyafi, wannan ta tsaya, ba ta mutu ba, ba ta kuma yi gaba ba. Saboda wannan ɗan koren ba wanda ya isa ya kwance akuya. Ciyawa kuwa ba ta fito ba balle a nome ta. Harawa ta ƙare tun bazara, gawo ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba da damina. A cikin wannan hali akuyata ta haihu a gindin turke, 'ya'ya biyu, mace da namiji.

Na yi murna har na ba kaina kunya. Ku tuna 'yar da ke bayana 'yar fari ce. Ban isa in yi mata wasa a gaban surukai ba, ban isa in kira sunanta ba, ko nono zan ba ta sai na juya baya kamar wadda aka yi wa dole. To 'yan awaki ba wanda ya hana ni. Duk son da na danne, a kansu na juye shi. In ɗauke su, in shafa su, in yi ta surutu da su ina shara.

Surukata, wadda muke kira Inna, ita ke awon hatsi a gidan. Maigidana ya tafi birni neman aikin ƙarfi tun da shukar fari ta ƙone, sai ranar Juma'a yake leƙowa, wani satin ma ba ya zuwa. Wata safiya na zuba gero a turmi na yayyafa ruwa, sai Inna ta zo ta riƙe taɓaryar.

"Daga yau babu surfe a gidan nan," in ji ta. "A niƙa shi da dusarsa."

Na ce, "Inna, awakin fa?"

Ta ce, "Mutanen fa?"

Shi ke nan. Tuwonmu ya koma baƙi mai kaushi, yana kartar maƙogwaro. Ban damu da tuwon ba. Abin da ya dame ni, mun cinye abincin akuyata, kuma ita ba ta da ƙafar zuwa nemowa. Ni ma ba ni da ita. Ni matar aure ce ƙarama, ba na wuce zaure. Ko da na wuce ina za ni? Kowane kore a garin nan an san mai shi, ganyen kuka da tafasa kuwa mutane sun riga dabbobi.

Sati biyu hantsar akuyar ta motse. Da, in ta tashi har tana tafiya a tale saboda cika. Yanzu ta zama kamar tsohuwar jakar fata. 'Ya'yan su ruga su dungure ta, su ja, su saki, su sake ja, sannan su ɗaga kai su yi kuka. Ita kuma ta fara kai musu harbi. Ta cinye dangar karan da bakinta ke kaiwa, ta tauna igiyarta, ta zagaye turken nan har ƙasar wurin ta yi santsi. Na kawo mata ganyen darbejiyar tsakar gida, ta ɗan tsakura ta kawar da kai.

Ni a gidan ina da gata guda ɗaya. Saboda ina shayarwa, kullum da hantsi Inna kan dama mini kunun kanwa a ƙaramar ƙwarya, ban da abin da kowa ke ci. Sai na fara rage shi. In faki idonta in zaga bayan ɗaki, in tsoma yatsa in sa wa 'yan awakin a baki. A wautata su ne masu kuka, don haka su ne masu yunwa. Kwana uku namijin ya kama zawo. Cikinsa ya kumbura, ƙafafu suka kasa ɗaukarsa, a na biyar na tarar da shi ya mutu.

Inna ta zo ta duba, ta ga busasshen kunu a gemunsa. Na zaci za ta yi faɗa, sai ta yi tsaki kawai.

"Ke dai ba ki da wayo, 'yar nan. Wa ya ce miki ana ciyar da ɗa? Cikinsa bai san komai ba sai nono. Uwar ake ba, ita ta san yadda za ta kai masa."

Na ji wannan magana, amma rabinta na ɗauka. Washegari na raba kununa biyu na kai wa uwar. Ta shanye ta lashe ƙwaryar har tana turo ta ƙafata. Bayan kwana huɗu na taɓa hantsar na ji ta ɗan yi nauyi, 'yar macen ta kama tana kaɗa jela. Wallahi daɗin da na ji ranar ban ji irinsa ba tun da na zo gidan. Na ƙara mata, rabi ya koma kashi biyu cikin uku.

Ban lura da tawa 'yar ba. Ko kuwa in ce na lura, na ce rigima ce. Ta kama nono ta saki, ta sake kamawa ta ja har in ji zafi a ƙirji, sannan ta bankare ta tsala kuka. Inna ce ta karɓe ta wata rana da azahar, ta ɗaga ta a hannu biyu. Ta shafa maɗigarta, ta ja fatar cinyarta ta saki. Sannan ta dube ni.

"Ina kununki yake zuwa?"

Na sunkuyar da kai.

"Ba ke nake dama wa ba," in ji ta. "Ke wace ce? Wannan nake dama wa, ta bakinki kawai yake bi. Ashe abincin jikata kike ɗauka kina kai wa dabba."

Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba. Na kuma ji haushinta, don ta yi gaskiya kuma ba ta bar mini ko 'yar kafa ba. Ƙwarya ɗaya ce, mu biyu ne masu shayarwa, kuma babu ta biyu a ko'ina.

Daga ranar a gabanta nake sha. Ta zauna a kan tabarma da carbinta, ni a kan turmin da aka kifar, sai ta ga gindin ƙwarya take tashi. Tsakar gidan ƙarama ce, babu inda zan zauna akuyar ba ta hango ni ba. Ta riga ta san ƙwaryar. Da ta ga an miƙo mini sai ta taso iyakar igiyarta ta tsaya tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Na koma juya mata baya. Ina haɗiya ina jin ta, wani lokacin hawaye na sauka cikin kunun in shanye da su. Nonona ya dawo, 'yata ta fara barci, kumatunta suka ciko. 'Yar akuyar kuwa ta tsaya cak. Wata biyu da haihuwa tana nan kamar 'yar sati biyu, kai ya fi jiki, gashi a tashe.

Ruwa ya dawo a makare, ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Cikin kwanaki ciyawa ta rufe kunyoyi, maigidana ya dawo ya shiga noma, ya riƙa shigowa da dami a ka. Akuyar ta ci har ta kasa tashi, hantsarta ta fara cika. Na ɗauko 'yar akuyar na kai bakinta ga hantsar, na matsa mata nonon a kan harshe. Ta lasa sau ɗaya, ba ta da ƙarfin ja. Na yi ta gwadawa kwana biyu. A na uku da safe ta mutu a cinyata.

Hantsar ta ci gaba da cika har ta yi tauri, akuyar tana kuka saboda zafi. Inna ta miƙo mini kwano ta ce in tatse, kada ta yi ciwo, a dafa a ba yarinya tunda ta fara karɓar kunu. Ban taɓa tatsa ba. Na durƙusa a gefenta ina tsoron harbi, na kama a hankali. Ba ta motsa ba. Ta buɗe ƙafafu ta tsaya, nono ya fara zuba a kwanon da ɗuminsa. Sai na ji ta juyo da kai, ta sa harshe tana lasar mini kafaɗa, yadda uwa ke lasar ɗanta in yana tsotso.