Farar Ƙasar Mzee Shaame

A ƙauyenmu na tsibirin Pemba, gidan dutse ɗaya ne ya rage daga zamanin gandun kanumfari. Balaraben da ya sa aka gina shi ya daɗe da barin ƙasar. A barandarsa muka koyi karatu, a farfajiyarsa iyayenmu mata suke shanya kanumfari har ƙamshin ya kama tufafinmu. Mai kula da gidan shi ne Mzee Shaame Kombo, magini; Mzee muke ce wa dattijo. Kakansa yana cikin bayin da suka ɗauko duwatsun a ka daga bakin teku. Ba wanda ya ɗora masa aikin. Yakan ce gumin kakansa ne a jikin bangon, ba na Balarabe ba.

Shekarar da na dawo daga karatun injiniya a Turkiyya, bangon gabas ya tsage. Na kawo shawarar siminti, dattawa suka amince. Mzee Shaame ya ce dutsen teku yana shan ruwa ya fitar, siminti kuwa zai toshe masa numfashi. Na yi masa bayani da zane a takarda. Ya jujjuya takardar ya miƙo min, ya kira ni da sunan mahaifiyata.

"Ɗan Mwanaisha, a can Turkiyyar rigar leda kuke sa wa mai zufa?"

Duk da haka muka shafe bangon da siminti. Kafin damina ta ƙare simintin ya kumbura, ya ɓamɓare, ya tafi da fuskar dutsen, har hannu yana shiga tsagar. Kowa ya san in wata daminar ta same shi haka zai kwanta, rufin ya bi shi.

Bai yi min gori ba. Ya sa muka ƙona dutsen teku kwana uku har ya zama farar ƙasa, muka jiƙa farar ƙasar a rami, ya hana a taɓa ta har wata shida. Ni kullum idona na kan gizagizai, shi kuwa yana shan gahawarsa. Da lokacin shafe ya yi, ƙafarsa ta riga ta daina hawan tsani, sai ya zauna a tabarma yana gyara min hannu da baki: in rage ruwa, in shafa kaɗan-kaɗan, in bari ya sha iska.

Damina ta sauka da ƙarfi. Bangon ya yi duhu da ruwa, bayan kwana biyu ya koma fari. Mzee Shaame ya dogara sanda ya zagaya, yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne.

"Zai tsaya," in ji shi. "Amma kusurwar nan ta karkace, injiniya. Baɗi ka sake ta."