Nives Bruzzone, Wadda Ake Kora Ana Tsakiyar Wasa

Kullum da la'asar Nives Bruzzone takan sa tsohuwar kwat ɗinta, ta gangaro ta lungunan Genova, ta sha kofi a tsaye, sannan ta bi layin masu sayen tikiti a ƙofar gidan wasanmu kamar kowa. Ko mun yi kiciɓis ba ma gaisawa, alhali ni, Piera, ni nake ɗinka kayan 'yan wasa, har da kwat ɗin nata. Dokar darakta ce, Ettore Malfatti: kada kowa ya san tamu ce.

Wasan nasa labarin wani mutum ne da ya mutu, matarsa tana makoki a kan dandamali. Ana cikin koke-koke sai wata mata ta miƙe daga cikin 'yan kallo ta ƙwalla ihu: "Ƙarya kuke! Mijina ne wannan, kuma ba haka ya mutu ba!" Sai 'yan wasa su daskare, a kunna fitilu, masu gadi su ja ta waje tana tirjewa. Daga nan babu mai iya rantsewa ina wasa ya tsaya, ina gaskiya ta fara. Matar nan ita ce Nives. Aikinta ke nan shekara da shekaru.

To, me ta samu? Zagi. "Ke tsohuwa, zauna mana!" "A fitar mana da mahaukaciyar nan!" Da idona na ga wani mai naktaye ya tofa mata yawu. Wata kuma ta kwaɗa mata lema a kafaɗa, ni na shafa mata magani a ɓoye. Waɗanda suka sake zuwa suka tarar da ita sai suka ce taɓin hankali ne ya sa ta ƙwallafa rai a kan wasan. Malfatti kuwa daɗi kashe shi, har gishiri yake ƙara wa zancen in 'yan jarida sun zo. Mai sayar da kifi a unguwarsu in ya hango ta sai ya ja jikarsa gefe.

Ke ce wasan, Nives. Makon da mura ta kwantar da ke, hamma mutane suka yi ta yi har aka sauke labule.

Da ciwon gwiwa ya ci ƙarfin Nives ta ce za ta ajiye aiki, ranar wasanta na ƙarshe na je na sami darakta.

"Maestro, yau ɗaya dai. Ka kira ta ta hau ta rusuna, a faɗi sunanta, mutanen garin nan su san lafiyarta ƙalau."

Ya gyara gyalen wuyansa. "Haba, Piera! In ta hau ai na kashe wasana da hannuna. Rashin sunan nata shi ne fasahar."

Fasaha! Shi kuwa sunansa ya cika allon ƙofa, ko makaho ya shafa.

Aka yi wasan. Ta yi ihun da ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi, aka ja ta waje. A ciki ana ta tafi, Malfatti ya rungume furanni. Na fita na same ta zaune a kan dakali tana murza gwiwa. Da mutane suka fito, wata matashiya ta sunkuyo kanta.

"Iya, ki je asibiti a duba ki, kin ji? Abin nan da kike yi babu kyau."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan fasa ƙwai. Nives ta damƙe hannuna.

"Na gode, 'yata. Zan je."

Sai da yarinyar ta yi nisa ta dube ni, idonta taf da ƙwalla. "Kin gani? Ta yarda ba wasa ba ne."

Mun gode, Nives, gwanar da ba a yi wa guɗa ba. Ke kin riƙe amana, ni kam na gaji da riƙe bakina, Malfatti ya kore ni in ya ga dama. Matasa masu shigowa sana'ar nan, ku koyi riƙon aiki a wurinta, amma kada ku yarda a yi muku abin da aka yi mata. Ku kuma da kuka zage ta, ku sani hankalinta ya fi naku. Wasa ta yi muku, wasan da ya fi duk wanda kuka gani a kan dandamalin nan, kuma babu ɗayanku da ya taɓa tafa mata.