Ranar da Inna Ta Yi wa Ɗan Kokawa Nasiha

Mahaifiyata ba ta yarda da likita ba, ba ta yarda da masu hasashen ruwan sama ba, ba ta yarda da ni ba in na ce mata ina hanya. Amma kokawar Turawa da ake nunawa a talabijin, wannan kam ta ba ta gaskiya gaba ɗaya.

A Makka aka haifi Inna, kamar yadda aka haife ni. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Kano ya zo aikin Hajji, ya gama bai koma ba. Muna zaune a wani tsohon bene a unguwar Aziziyya, ni da matata da yara a sama, ita a ƙasa saboda ciwon gwiwa. Ina da ɗan shagon dardumar salla da carbi da turare a bakin titi. In alhazai sun cika gari, ba mu da lokacin kanmu. In sun watse, unguwa ta yi tsit, sai Inna ta koma bakin aikinta: ta zauna gaban talabijin da kofin shayi, carbi a hannun dama, hagu kuma tana nuna wa alƙalin wasa abin da ake yi a bayansa.

Ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin 'yan kokawar ba, don haka ta raɗa musu nata. Akwai biyu da ta fi ƙauna, Mai Gemu da Yaron Kirki, abokan juna, kullum tare suke shiga fili su tare wa juna faɗa. Tana yawan ce mana mu yi koyi da zumuncinsu. Ni da ƙanena mun sha jin wannan wa'azi, mu da ba mu taɓa dukan kowa tare ba.

Sai wata rana, bayan sun ci wasa, Yaron Kirki ya juya yana ɗaga wa jama'a hannu, Mai Gemu ya ɗauko kujerar ƙarfe ya maka masa a gadon baya.

Ihun Inna har sama na ji shi. Na sauko a guje ina zaton faɗuwa ta yi. Na tarar da ita tsaye, ita da sai an kama ta take tashi.

"Ka ga abin da ya yi? Mutumin da suke cin abinci tare!"

Na ce, "Inna, shiri ne fa. Tsara musu ake yi, kamar wasan kwaikwayo."

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda aka kashe kuɗin makaranta a kansa a banza. "Kujerar ma shiri ce? Zo in buga maka ɗaya, ka gaya mini."

Ban sake tayar da maganar ba.

Bayan wasu watanni aka ce 'yan kokawar za su zo Jidda, kuma kafin ranar wasa za a yi taron masoya, a gan su ido da ido, su sa hannu a hoto. Makka dai ba su da hanyar shigowa, tunda ba Musulmi ba ne, kuma a wannan karon na ji daɗin dokar ƙwarai. Na ja wa yara kunne kada wanda ya faɗa a gabanta. Matata, Allah ya saka mata, ita ce ta sauka da kwanon abinci ta dawo ba kwano ba sirri.

Da yamma Inna ta aiko a kira ni.

"Za ka kai ni Jidda."

"Inna, gwiwarki fa?"

"Gwiwata ce ko taka?"

Wannan gwiwar ita ce ta hana ta zuwa sunan jikan ƙanwarta a nan cikin gari. Ita ce ta sa muke tura ta a keke in za ta yi ɗawafi. Ranar tafiya Jidda kuwa, kafin in gama ɗaura agogo tana cikin mota, sanye da abayar da take ajiye wa Idi, da jaka a cinya. Na tambayi abin da ke ciki. Ta ce dabino ne da man zafi, na Yaron Kirki, saboda bayansa.

"Shi Mai Gemun fa?"

"Nasa a bakina yake."

Zauren taron ƙato ne, an saki sanyi kamar za a ajiye kifi. Ban taɓa sanin ƙasar nan tana da manyan mutane marasa aikin yi da yawa haka ba. Ga magidanta da furfura, cikin farar jallabiya, sun rataya kambun roba a kafaɗa suna tafiya a hankali kamar su suka ci shi da gumi. Ga wani mai tumbi ya rufe fuska da ƙyallen kokawa, yana jan 'ya'yansa da suke jin kunyarsa. Ana sayar da riguna masu hoton ƙattin, tsadarsu ta sa na ji tausayin kaina da nake barin alhazai su yi mini ciniki a kan darduma. Kiɗa kuwa, har a haƙori kake jinsa.

Inna ta ratsa duk wannan ba ta kalli kowa ba.

A bakin layi aka yi mana bayani cewa tikitinmu na ganin ɗan kokawa ɗaya ne. Kowane ɗan kokawa yana da teburinsa da layinsa, an raba su da labule, sai mu zaɓa. Na ji sanyi a raina. Na ce to shi ke nan, mu je wajen Yaron Kirki, mu ba shi man zafinsa, mu kama hanya.

"Wanda aka cuta ba ya bukatar komai daga wurina," in ji ta. "Wancan nake so."

Layin Mai Gemu ya fi kowanne tsawo. Ashe duniya ta fi son maci amana, abin da ya ƙara tunzura Inna. Muka yi ta matsawa kaɗan-kaɗan. Wani ma'aikaci ya ga tsohuwa a tsaye, ya kawo mata kujera mai naɗewa, ta ƙarfe. Ta kalle ta sama da ƙasa.

"Irinta ce," ta ce da ni. "Gaya masa ya kai ta nesa da mutumin nan."

Ta ƙi zama. Ni ne dai ƙafata ta fara ciwo.

Da muka kusa, na leƙa ta gefen labule. Can baya na hango Yaron Kirki ya fito shan iska, ya miƙa hannu ta bayan teburin Mai Gemu ya ɗebi soyayyen dankali daga takardarsa, shi kuma ko juyowa bai yi ba. Na yi niyyar taɓo Inna in nuna mata. Na tuna tayin kujera da aka taɓa yi mini, na bar hannuna a aljihu.

Sai ga mu a gabansa. A talabijin, mutumin nan in ya buɗe baki jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke. A nan kuwa wani ƙato ne mai gajiya, da tabarau na karatu a kan hanci, yana sa hannu a hoto yana ce wa kowa ya gode da wata 'yar murya. Gefensa ga tafinta, wani Balarabe mai kwat, ga kuma wani Bature mai waya a kunne da ke hanzarta mutane.

Inna ta dafa teburin ta fara, da Hausa, don fushinta bai iya Larabci ba sai in ya huce. Ta tambaye shi ko yana da uwa. Ta ce in yana da ita, wace irin kunya ya ja mata a gaban duniya. Ta tuna masa ranar da mutum uku suka taru a kansa, wa ya shigo a guje ya cece shi? Ta ce ko faɗa za ka yi da mutum, ka fuskance shi, ba ka jira ya juya baya ba. Ta ce gemun nan da ya tara, bai san nauyinsa ba.

Ta juyo. "Faɗa masa."

Turancina na shago ne: nawa, ba ragi, sai an jima. Na tattaro abin da nake da shi na ce masa mahaifiyata tana son wasansa sosai.

Ya dafa ƙirji ya yi murmushi.

"Me ka ce masa yake washe baki?" in ji Inna. "Na yi magana mai tsawo, kai ka yi tari sau ɗaya ka ce ka fassara?"

Ta ture ni gefe da bayan hannu, ta fuskanci tafinta, ta sake ɗauko zancen daga farko da Larabcin Makka, har da ƙarin abin da ta manta a zagayen farko. Shi kuwa bawan Allah, mai riƙon amanar aiki, bai zubar da ko kalma ɗaya ba. Na ga lokacin da maganar gemu ta isa, don Mai Gemu ya kai hannu ya shafa shi.

Wayoyin mutanen da ke layi suka tashi sama. Ni kuma ina duba ƙofar da ta fi kusa.

Mutumin ya cire tabarau. Na jira ya yi dariya, ko ya gaya mata abin da na taɓa gaya mata, in samu shaida daga bakin mai ita. Maimakon haka ya tashi, ya zagayo teburin, ya durƙusa a gabanta har kansa ya zo daidai da nata. Ya yi magana a hankali. Tafinta ya ce, "Yana cewa, Mama, kin yi gaskiya. Me kike so ya yi?"

Inna ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. "Ya nemi gafararsa. A gaban mutane ya yi, a gaban mutane zai gyara."

Baturen mai waya ya fara girgiza kai yana nuna agogo. Gobe ne fa za su kara, an sayar da tikiti a kan gabar nan. Mai Gemu bai kula shi ba, ya ɗaga labule ya yi kira. Yaron Kirki ya leƙo yana goge gishirin dankali a wando. Aka raɗa masa wani abu a kunne. Nan take na ga ikon Allah: mutumin da ya shigo garau ya dafe ƙugu, ya ɓata fuska, ya ƙaraso yana ɗingishi.

"Ka gani ko?" Inna ta ce da ni. "Shiri."

Mai Gemu ya miƙa hannu. Yaron Kirki ya kau da kai, ya kalli jama'a, ya ja rai yadda ya kamata, sannan ya karɓa. Zauren ya ɗauki ihu. Ɗaya daga cikin magidantan nan masu kambun roba na gan shi yana share ido. Inna ta buɗe jaka ta ba Yaron Kirki man zafi, ta sa tafinta ya yi masa bayanin a shafa da dare a ɗaure da tsumma. Ta fito da dabino ta tsaya a kansu sai da kowa ya ci daga leda ɗaya. Suka sa mata hannu a hoto su biyun. Ba ta ko duba ba ta miƙo mini, ta ce in riƙe, ita ba takarda ta kawo ta ba.

A hanyar komawa Makka ta yi barcinta cikin natsuwar wanda ya sauke farali.

Washegari muka taru gaban talabijin, har da ƙanena da iyalinsa, don hoton bidiyon da aka ɗauka a zauren ya riga mu isa gida, dangi na ta bugo waya. Aka fara wasa. Ba a jima ba Mai Gemu ya ɗaga Yaron Kirki sama ya fyaɗa shi a kan tebur, tebur ya rabe biyu. Ya tsaya a kansa yana ihu.

Na gyara zama. Na daɗe ina jiran wannan rana. Na juya na kalle ta da ladabi.

Ta kurɓi shayi. "Ka lura da idonsa? Ba da son ransa ya yi ba. Baturen nan mai waya ne ya sa shi. Tun a can na ga ba shi da alheri."

"Inna, ai abin da nake faɗa ke nan. Sa su ake yi."

"A'a. Kai cewa ka yi ƙarya ce. Ni kuma na ce tilasta masa aka yi. Yaro ne mai biyayya, abokan banza ne suka yi masa yawa."

Tun daga ranar ta koma bayan Mai Gemu. Duk wanda ya maka wa kujera, akwai abin da ya yi masa. Ni kuwa na samu sabon ɗan'uwa da ake auna ni da shi. In tana magana na kuskura na duba waya, sai ta ajiye kofi.

"Mutumin da ya yi biyunka, wanda ko yarena ba ya ji, ya durƙusa ya saurare ni har na gama. Kai da na yi wa goyo, kana tsaye kamar mai karɓar haya."

Yanzu in ta kira ni, a bakin ƙofa nake barin wayar, in shiga in tsuguna. Gwiwata ta fara ƙara in zan tashi. Na gaya mata, ta ce raki ne.