Kawu Ilya da Baƙon Cikin Shato

Duk wadda ta taɓa ɗibar ruwa a shaton unguwarmu, wato babban tankin ruwan nan, ta san sandar Kawu Ilya. Kafin ya buɗe famfo da safe sai ya ƙwanƙwasa ƙafar shaton, ya kanga kunne, ya ce, "Ruwa, an tashi lafiya?" Mu kuwa muna tsaye da bidon, jarkokinmu na ruwa, muna jiran a gama gaisuwa. Ƙanin innata ne, shi ya riƙe ni a nan Arlit, shi kuma ya laƙaba mini Uwar Fargaba, don ko tari famfo ya yi sai in ce ruwa ya ƙare.

Kun tuna lokacin da Mushe Sani, wato Malam Sani a Faransance, mai haɗa na'ura, ya zo da kayansa. Ya zura wani ƙarfe kamar ƙaramar tocila cikin shaton, da igiyar wuta zuwa wani akwati mai layin waya a ciki, da faranti mai shan rana a sama. Ya ce ƙarfen zai riƙa auna inda ruwa ya kai, akwatin ya aika ta intanet a adana, mu ma mu gani a waya. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na gane shuɗin zanen nan: in ya hau in yi barci, in ya sauka in kwana ido biyu.

Kawu ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Mushe, in ya gaya musu labarin ruwa, yana gaya musu in na ɗan kishingiɗa?"

"A'a, Baba, ruwa kawai ya sani."

"To ɗan mutunci ne. Ya zauna."

Daga ranar na'urar ta zama baƙon Kawu. Ba a jima ba saƙo ya daina zuwa. Mushe ya hau kabu-kabu ya zo a guje, ya tarar an lulluɓe farantin da bargo.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni. A garinku haka ake shanya baƙo a ranar Arlit?"

"Ai ranar ce abincinsa."

Kawu ya janye bargon yana girgiza kai. "Allah ya kyauta. Kowa da irin tuwonsa."

Wadda ba zan manta ba kuwa ita ce ta haihuwar 'yata Nana. Lokacin ɗari ne, maigidana yana Tchibarakaten wajen zinariya, ina wankan jego safe da yamma, ga suna washegari, mata za su cika gida. Na duba waya, sai na ga shuɗin zanen ya faɗi ƙasa warwas. Shato babu ko ɗigo. Da me zan yi wanka, da me za a dafa abincin suna, da me zan wanke zannuwan jaririya? Na zauna na dasa kuka.

Ana cikin haka Kawu ya yi sallama, ya zo ganin jikarsa.

"Uwar Fargaba, yau kuma wa ya mutu?"

"Kawu, ruwa ya ƙare." Na miƙa masa wayar.

"Wane ruwa? Wanda na gaisa da shi ɗazu? Yana nan har wuya."

"To ga abin da na'ura ta ce."

Sai ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya fiddo wani abu naɗe cikin tsumma. Ƙarfen nan ne, ya kwance shi daga igiyarsa.

"Ke da ruwan zafi kike wanka kina rawar ɗari. Shi bawan Allah kwana yake cikin ruwan sanyi. Na ce ya fito ya ji ɗumi, ya ga jaririya."

Wallahi ban san lokacin da kukan ya koma dariya ba, har unguwarzoma ta ce in yi a hankali da cikina. Aka yi suna da ruwa har da na wanke tsakar gida. Mushe Sani ya sha wahalar mayar da igiyar, ya ce in aka sake zai sa kwaɗo. Kawu ya ce, "Sa, amma ka bar mini makulli, gidana ne."

Yanzu da Kawu ya rasu, zanen ba ya yankewa, ba mai lulluɓe kowa da bargo. Ni dai in na wuce da Nana a bayana nakan ɗan taɓa ƙafar shaton. Allah ya jiƙanka, Kawu. Yadda ba ka taɓa barinmu da ƙishirwa ba, Allah ya shayar da kai daga Alkausara. Amin.